Dalma Ɗaya Ta Ɓata, Sikeli Ya Ce Biyu

Zuwa ga Mai Girma Baturen Sukuwa, alƙalin tseren dawaki na bakin iyaka, Jibiya.

Daga Isiyaku Mai Dawaki, mutumin Gangara.

Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidanka da dawakinka. Ranka ya daɗe.

Bayan haka, ina jin ba za ka tuna sunana ba. Amma za ka tuna baƙar goɗiyar nan mai farin goshi da ta zo ta ɗaya a sukuwar bayan kaka, wadda ka sauko daga rumfa da kanka ka shafa wuyanta, kafin daga baya ka ɗaga hannu ka ce ba ita ta ci ba. Goɗiyar Madugu Barmo ce, fatake mai safarar kanwa da gishiri. Ni ne mai kiwonta da horonta. Ni ne kuma wanda ka hana taka filin sukuwa har kaka biyu.

Ni ban iya rubutu ba. Malamin unguwarmu na zaunar, ina faɗa yana rubutawa, ya yi takarda uku iri ɗaya. Ɗaya ce wannan da ke hannunka. Ta biyu za a karanta ta ranar kasuwa a wurin masu sayar da dawaki. Ta uku na ba wani ɗan tireda ya tsallaka iyaka da ita, domin masu dawakin can ma sun zo sukuwar, sun kuma koma gida da labarin cewa Isiyaku ɓarawon awo ne. Ban yi haka don raini ba. Na yi ne don duk maganar da za ta kai kunnenka sai ta bi ta bakin Malam Garba, akawunka kuma tafintanka, shi kuwa yana cikin waɗanda nake kuka da su. Ina roƙonka, kada ya zama shi ne zai karanta maka wannan.

Ranka ya daɗe, a barga aka haife ni. Ubana kiwon doki ya yi har ya rasu, ni ma na fi shekara ashirin a kai, tun kafin a kafa turakun iyaka, lokacin da mutum zai ja doki ya kai Maraɗi ya dawo babu mai tambayarsa takarda. A da muna sukuwarmu babu awo. Da ka zo da dokar sikeli mutane da yawa sun yi gunaguni, wasu suna cewa sai ka ce buhun gyaɗa za a riƙa ɗora ɗan Adam a ma'auni. Ni ban yi gunaguni ba. A gaban jama'a na ce wannan adalci ne, domin doki biyu ba za a san gwaninsu ba idan ɗaya na ɗauke da ƙato ɗaya na ɗauke da siriri. Akwai waɗanda suka ji ni, suna nan da ransu.

Ga dokar kamar yadda aka faɗa mana ita. Mahayi da sirdinsa su kai laba ɗari da arba'in. Wanda bai kai ba a cika masa da dalma. A auna kafin sukuwa, a sake aunawa bayanta. Idan laba ɗaya ta ragu an yafe, don gumi. Idan ta wuce ɗaya, doki ya faɗi, laifin kuma yana wuyan mai horo, ba mai doki ba, ba mahayi ba. Na karɓi wannan duka. Yanzu ga abin da ya faru.

Na farko, maganar dalma.

Mahayina ƙanena ne, Tanko, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, amma siriri ne tun yana yaro. Da hantsi aka ɗora shi a sikeli da sirdinsa, aka ce saura laba huɗu. Malam Garba ya miƙo mini dalma falle huɗu, kowace laba ɗaya, a gabanka. Na zuba su a jakar fata da ke ƙarƙashin sirdi, na ɗinke bakinta da tsirkiya, ɗinki mai layi biyu, irin wanda baduku ke yi wa kuben wuƙa. Aka sake aunawa, ya cika cif. Ka gyaɗa kai.

Da la'asar, da aka kira dawakin babbar sukuwa, ni na ɗaura wa goɗiyar sirdi, ni na ja majayin da ke riƙe sirdi a cikinta. Na sa hannu na latsa jakar, na ƙirga ta bayan fata, huɗu, ɗinki yana nan yadda na bar shi. Daga nan aka ce masu horo su koma bayan igiya. Na koma.

Bayan ta ci, aka ɗora Tanko a sikeli, aka ce laba biyu sun ragu. Aka kifa sirdi, sai ga dalma uku. Na roƙa a ba ni jakar na duba. Ranka ya daɗe, ɗinkin da ya ɓalle saboda gudu yakan bar tsirkiya a tsattsage, kamar gashin masara. Wannan kuwa bakinta sumul yake, an yanke da wuƙa mai kaifi, ɗinki uku kacal, daidai inda falle ɗaya zai zame. Na nuna wa Malam Garba. Bai ko sunkuya ba. Jakar tana wurina har yanzu, ban taɓa ta ba, duk ranar da ka so gani zan kawo.

Na biyu, lissafin da ya hana ni sukuni.

Dalma ɗaya ce ta ɓata. Dalma ɗaya laba ɗaya ce. Sikeli ya ce biyu. Ina ɗayar ta shiga? Malam Garba ya ce gumi. Zagaye biyu ne kawai na filin bakin gulbi, rana ta yi sanyi, Tanko kuwa ba shi da tsokar da zai zubar da laba guda a wannan ɗan gudu. Na ga mahaya masu jiki sun sauka da safe, rana na dukansu, sikeli bai motsa musu ko rabin haka ba.

To ga abin da idona ya gani. Sikelin da aka rataya a tsamiya ba naka ba ne. Na Ɗangoje ne, dillalin fatu, wanda ingarmansa ya zo na biyu, wanda kuma aka miƙa wa kofi da riga bayan an kayar da mu. Duwatsun awo ma nasa ne. Da safe, babban dutsen ƙarfen da aka ɗora yana da ɓalli a gefen zobensa, kamar an taɓa yar da shi a kan falalen dutse. Na lura da shi don ina tsugune kusa ina ɗinki. Da azahar jama'a suka watse salla, barorin Ɗangoje suka kwashe duwatsun suka kai shagonsa, wai kada a sace. Da yamma, dutsen da aka ɗora wa Tanko zobensa lafiya lau, babu ɓalli.

Ba zan rantse cewa na biyun ya fi na farkon nauyi ba, don ban auna ba. Amma masu kawo fatu daga garuruwan Farfaru da Kusa sun daɗe suna cewa a shagon nan dutsen saye daban, na sayarwa daban. A da ina ɗaukar maganar a ƙorafin talaka. Yanzu na daina.

Ka duba mini wannan da hankalinka, ranka ya daɗe. Da dutse kaɗai aka sauya, laba ɗaya za ta ragu, a yafe. Da dalma kaɗai aka zare, laba ɗaya za ta ragu, a yafe. Sai an haɗa biyun sannan goɗiya za ta faɗi. Tsautsayi ba ya zuwa da lissafi irin wannan. Wanda ya shirya abin nan ya san dokarka sarai, ya san inda ta yi sassauci, ya kuma auna daidai abin da zai tsallake sassaucin.

Na uku, wa ya riƙe sirdi?

Doka ta ce mahayi ya sauka ya ɗauko sirdinsa da hannunsa har gaban sikeli, kada kowa ya taɓa. Na faɗa wa Tanko wannan sau uku a ranar. Da goɗiya ta tsallake layi jama'a suka ɓalle igiya, masu kiɗa suka shigo, wuri ya ruɗe. Ni na kama linzami ina zagayawa da ita don ta huce, haka ake yi wa dokin da ya yi gudu, in ba haka ba jini ya daskare masa. Da na waiwaya sai na hango sirdi a kan wani bawan Allah cikin barorin Ɗangoje masu tsaron sikeli, Tanko na biye da shi hannu sake, mutane na ta rungumarsa. Jama'a suka rufe su. Daga nan zuwa lokacin da sirdin ya bayyana a gindin tsamiya, mutum zai yi salla raka'a biyu a natse.

Malam Garba yana tsaye a kan benci, ya fi kowa ganin fili. Bai tsawata ba. Bai kuma faɗa maka an karya doka tun kafin a hau sikeli ba. Ba a kuma auna mahayin Ɗangoje ba bayan an ba shi nasara. Da na tambaya, cewa aka yi na biyu ba a auna shi. To ai ya zama na ɗaya. Jama'a su sani, kai ma ka sani in ba a faɗa maka ba, matar Malam Garba ɗiyar wan Ɗangoje ce.

Na huɗu, abin da na faɗa da abin da ka ji.

Da ka kira ni gaban rumfa na durƙusa na yi bayani mai tsawo. Na faɗi maganar wuƙa, na faɗi maganar dutse, na faɗi wanda ya ɗauki sirdi. Malam Garba ya juya gare ka ya yi magana da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ka dube ni kamar mai jin tausayi, ka girgiza kai, ka yanke hukunci. Ni ba na jin Turanci, amma na san maganar da ta cika kwarya ba ta shiga cikin ludayi.

Bayan kwana tara wani mutum mai jin Turanci, wanda yake tsaye kusa a ranar, ya same ni a bakin iyaka wajen rumfar 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da abin da zai rasa. Ya ja ni gefe ya ce, "Isiyaku, ka san abin da aka ce ka ce? Cewa aka yi ka amsa kuskurenka ne, kana neman afuwa." Na ce, "Ni?" Ya ce, "Kai. Shi ya sa Bature ya ce kaka biyu, ba don haka ba da ya ce har abada."

Ashe har rangwame aka yi mini a kan laifin da ban amsa ba. Idan ba haka aka faɗa maka ba, kai ka sani, sai ka ƙaryata mutumin. Idan kuwa haka ne, to ba ni ka yi wa shari'a ba, wani Isiyaku ne da aka ƙera maka a wurin.

Na biyar, abin da ya biyo baya.

Kwana uku da sukuwa Madugu Barmo ya zo Gangara. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ce, "Malam Isiyaku, ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma doki a hannun wanda aka hana fili ba shi da amfani gare ni." Ya kwance dawakinsa uku. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Wani mai doki daga tsallaken iyaka da ya yi alkawarin kawo mini duƙushi biyu ya aiko cewa ya fasa. Harawar da na tara ta rani tana kan rumfa, awakin maƙwabta ke ci. Turaku bakwai ne a bargata, yau babu ko ɗaya da igiya a jikinsa.

Goɗiyar nan a hannuna ta tashi. Tana 'yar wata biyar aka kawo ta daga arewa, ƙafarta ta baya na ciwo, kowa ya ce ba za ta yi gudu ba. Wata huɗu ina gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi da kanwa, ina tafiya da ita cikin yashin gulbi da asuba har ta miƙe. Sau uku Ɗangoje ya nemi Madugu ya sayar masa da ita, sau uku ina ba Madugu shawara kada ya yarda, Ɗangoje kuma ya san ni ne na hana. Wata bai cika ba da sukuwa sai ga ta ɗaure a bargar Ɗangoje.

Ka ga yadda dokarka ta raba abin. Mai doki ya sayar da dokinsa ya huta. Mai sikeli ya samu kofi ya samu goɗiya. Akawu yana kan bencinsa. Mutum ɗaya ne ya ɗauki kaya, shi ne wanda aka tsayar bayan igiya aka ce kada ya matso. Ban ƙi a ɗora wa mai horo nauyi ba, don shi ya san abin da doki ya ci da abin da aka ɗaura masa. Amma a ɗora masa gwargwadon inda aka bar hannunsa ya kai. Idan zan amsa laifin sirdi, a bar ni in bi sirdi.

Na shida, wanda ya fi mini ciwo, na kuma daɗe ina shawarar ko in bar shi a cikina.

Wuri biyu ne kawai za a iya yanka jakar nan. Ko a cikin taron nan bayan an sauka, ko kuwa can wajen tashi, bayan tsamiyoyi, inda mahaya ke jiran a kaɗa tuta, babu mai ganinsu daga rumfa. A wuri na biyun, mutum ɗaya ne ke zaune a kan sirdin.

Na tambayi Tanko me ya sa ya saki sirdi. Ya ce, "Yaya, murna ce ta ɗebe ni, wallahi ban san lokacin da aka karɓa ba." Na ce ya dubi idona ya sake faɗa. Ya duba, ya faɗa, ya fashe da kuka. Na yarda da shi a ranar. Sai ga shi yau kwana ashirin ke nan, kullum da sassafe shi ke fita da goɗiyar daga bargar Ɗangoje yana motsa ta a bakin gulbi. An ɗauke shi aiki. Da na yi masa magana ya ce, "Yaya, 'ya'ya huɗu gare ni, bargarka babu doki. Kuma ba ta yarda da kowa sai ni." Duka biyun gaskiya ne. Na juya maganar ta kowace fuska, ban samu ƙarya a ciki ba, ban kuma samu natsuwa ba.

Tun muna yara akushi ɗaya muke ci ni da shi. Yanzu idan an kawo tuwo sai in ce na ƙoshi. Tsohuwarmu tana da rai, idonta ya tafi amma kunnenta na nan. Shekaranjiya ta ce, "Isiyaku, hannu ɗaya nake ji a akushi. Ina ɗayan?" Idan yaron nan bai yi komai ba, to ni na zalunce shi da zato, Allah kuma zai tambaye ni. Idan ya yi, ina kwana gida ɗaya da wanda ya sayar da ni. Ni kaɗai ba ni da ikon gano ko wanne ne. Kai kana da shi.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A aika ba tare da sanarwa ba a kwaso duwatsun awon shagon nan gaba ɗaya, mai ɓalli da marar ɓalli, a gwada su da ma'aunin da ba na kowa ba a cikinmu, a gaban jama'a. Idan nauyinsu ɗaya, zan tsaya a kasuwa in nemi gafarar Ɗangoje da bakina.

A kira wanda ya ɗauki sirdi, a kira Tanko, a kira ni, kowa ya yi alwala ya rantse a gaban malamai, a kuma samo wani tafinta daga wani gari wanda ba shi da suruki a Jibiya.

Nan gaba kada a sake aron sikeli wurin mai doki a fili. A sa wa jakar dalma hatiminka bayan an auna, yadda duk wanda ya taɓa za a gani. A auna na ɗaya da na biyu da na uku. A bar mai horo ya tsaya kusa da sirdinsa daga sauka har sikeli. Waɗannan ba don ni ba ne kaɗai, akwai masu horo a Kusa da Farfaru da tsallaken iyaka da suka ce ba za su kawo doki baɗi ba, don sun ga yadda ake kayar da mutum.

Idan bincike ya wanke ni, a ɗage hanin, a kuma faɗa da babbar murya a filin da aka kunyata ni. Ba na neman kofi, ba na neman riga. Su zauna inda suke.

Idan kuwa bincike ya nuna hannun ƙanena ne, kada a ɓoye mini don tausayi. A faɗa mini. Zan ji zafi, in yi kwanaki, in yafe masa, don ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. Mutum yana iya yafe abin da ya sani. Abin da na kasa shi ne zama kusa da shi kullum ina kallon hannunsa.

Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah Ya haɗa ka da masu faɗa maka magana yadda aka faɗe ta. Allah Ya tsare ka daga yanke hukunci a kan wanda bai ji ba bai gani ba, Ya mayar da kai ƙasarku lafiya ranar da aikinka ya ƙare, babu hakkin kowa a wuyanka. Ina Gangara, ba ni da inda za ni, duk ranar da ka aiko zan zo da jakar a hannuna.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Isiyaku Mai Dawaki, Gangara, ƙasar Jibiya.